Tsatsa a Fangalin Sadaka

Dapaong, farkon watan Rajab, 1349

Daga Shetu 'yar Wahabu zuwa ga ɗana Alassani ɗan Salifu, mahauci a zangon Sokode.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta matarka Azara, da yaran da ban taɓa sa wa ido ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Malam Kassimu, ƙanin marigayi mijina, shi ne riƙe da alƙalami don ni ban iya ba. Yana gaishe ka, ko da yake sai da na tuna masa.

Abin da ya sa na aiko ba mai daɗi ba ne. Fara ta sauka mana. Zuwan farko ta aske lambuna tas kamar wanzami. Na ce ba komai, kan albasa yana ƙasa, zai sake tohowa. Ya toho kuwa, sai ta dawo ta cinye tohon. Kawunan da na dasa don su yi fure su ba ni iri sun gaji sun ruɓe. Irin da ke tukunya kuma duk na riga na yafa shi, ya tafi cikin fara.

Ka san wace albasa nake nufi. Jar nan ta Baba Wahabu, mai siririn wuya, wadda take kaiwa wata damina a rataye ba ta yi laushi ba. A cikin ƙahon sa ya kawo irinta daga Gobir, lokacin yana bin jakuna. Ubanka Salifu, ɗan ƙanin Baba, a lambun nan ya yi wayo kafin ya yi kudu. Na tambaya har garin Naki, duk wanda na taɓa ba wa fara ta gama da shi. Irin albasa kuwa ba gero ba ne, ba ya jiran mutum a tukunya. In bana ba a samu ba, shi ke nan.

Sai na tuna kwandon kawunan da na aika maka da gaisuwar rasuwar ubanka. Ka cinye su a tsire, ko ka dasa? Faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi da mahauci don ya yanka albasa ba. In akwai saura a ƙasa, ka bar su su yi fure, ka tara mini iri.

Allah ya yi maka albarka.

*

Sokode, farkon Sha'aban

Zuwa ga Gwaggo Shetu, tare da gaisuwa da girmamawa.

Takardarki ta same mu lafiya. Azara na durƙusawa, yara na gaishe ki. Allah ya mayar da alheri a kan abin da fara ta ci, ya sassauta gwiwa.

Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ban ci ba. Wato na ci kaɗan, don mutum ba ya riƙe albasa irin wannan bai ɗanɗana ba, amma sauran na dasa a bakin rafi, bayan mayanka. Bara ta yi kai sosai. Bana, tun ruwa na ɗaukewa na zaɓi manyan kawuna na mayar ƙasa, ga su nan sun fara fitar da karan fure. Babana kullum yana cewa a duk zuriyar Wahabu ba mai hannun lambu kamar ke, kina taɓa ganye ki faɗi abin da ke damunsa. Ban taɓa zaton ranar da ke za ki nemi iri a hannuna ba.

Akwai abin da zai faranta miki. Ban yar da al'adar Kaka ba. Babana ya gaya mini Kaka Wahabu ba ya girbe lambu duka, yana barin fangali ɗaya na sadaka, ya kafa sanda da farin ƙyalle, duk mai wucewa ya cira. Ni ma na bar nawa tun bara, da sandarsa da ƙyallensa. Nan ƙasar ba ta bushewa kamar taku, don haka ya ratsa damina kore shar, har ya yi 'ya'ya a gindi. Mutane ba su cika cira ba, ina jin kunya ce.

Sai dai abu ɗaya nake so ki duba mini da idon saninki. Wasu ɗigo-ɗigo sun fito a lawashi, launin tsatsar wuƙa. In ka goga sai gari ya biyo yatsa, jiya ma na fito da shi a gefen rigata. A tsohon fangalin na fara ganinsu, yanzu sun taɓa layin iri da ke kusa da shi. Da ƙwarya nake ban ruwa, ina watsawa ta sama. Safiya a nan raɓa kamar an yi yayyafi, ga sanyi. Ko ba komai ba ne?

Ɗanki, Alassani.

*

Dapaong, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga ɗana Alassani.

Muna lafiya, muna shirin azumi. Allah ya kai mu. Da Malam ya karanta mini cewa kawunan suna ƙasa, sai da na tashi tsaye ba sanda. Albarkar ubanka ta bi ka.

Amma ɗigon nan komai ne. Tsatsa ce, na san ta. Wata shekara damina ta yi jinkirin tafiya, ta kama mana lambun kwari. Ba ta taɓa kan albasa, ganye take sha har ya bushe. In ta hau karan fure kuwa sai ya karye kafin iri ya nuna, ko ya ba ka ƙaiƙayi.

Ka saurara da kyau. Garin nan da ke bin yatsa shi ne irinta. Iska na ɗaukarsa, riga na ɗaukarsa. Amma in ya sauka a busasshen ganye ba ya iya komai, zama yake yi. Abin da yake jira ruwa ne a kan ganye da sanyi. In lawashi ya kwana a jiƙe, da safe ta riga ta shiga, ko da ba za ka ga ɗigon ba sai an kwana biyu. Zafi kuma maƙiyinta ne. A waccan shekarar na gwada da hannuna. Na shanya ganye mai tsatsa a kan dutse rana ta gasa shi, na goga garinsa a jiƙaƙƙen lawashi, bai kama ba. Wanda na ajiye a gindin randa na goga, ya kama. Mijina ya ce na haukace, ina yi wa ciyawa shari'a.

Don haka ka ajiye watsa ruwa ta sama. Ka ja 'yar hanya tsakanin layuka, ruwa ya bi ta gindi. Ka yi ban ruwa da hantsi, yadda ko ya fantsama rana za ta shanye. Kada ka ratsa lambu raɓa na kwance. Inda suka yi cunkoso ka rage, iska ta samu hanya. Ganyen da ya kamu ka tsinke a hankali ka binne. In ka riƙe su har zafin bazara ya shigo, ka ci.

Fangalin sadaka kuwa, ka kula da shi sosai, kada ka bar shi yadda yake.

A gaida Azara.

*

Sokode, tsakiyar azumi

Zuwa ga Gwaggo Shetu.

Barka da shan ruwa. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yarmu da ta yi mura ta warke. Ina fata azumi bai wahalar da ke ba.

Takardarki ta daɗe a hanya. Mai goron da kika ba ya tsaya a Mango jinyar jakinsa, sai da azumi ya yi nisa ta iso. Kafin nan na riga na yi ɓarna. Da safe ina mayanka, da rana ba na iya jan ruwa da ƙishi, sai na mayar da ban ruwa bayan an sha ruwa. In ci dabino, in yi magariba, in sauka rafi in watsa musu har su yi sharkaf, ina ganin gata nake yi musu. Da aka karanta mini inda kika ce kada lawashi ya kwana a jiƙe, tuwon da ke hannuna ban iya kai shi baki ba. Ke kina can, ba ki ga lambun ba, amma kin faɗi abin da nake yi kamar kina tsaye a bayana.

Tun ranar na canja. Na bar wa abokin aikina fiɗa, da hantsi ina lambu. Na ja hanyoyin ruwa, na rage cunkoso, na binne ganye. Layukan da ke can ƙarshe sun tsaya, sabon ganyensu ya fito da tsabta.

Fangalin sadaka ma na yi yadda kika ce. Na kula da shi fiye da kowane. Na kwaso masa taki daga mayanka, na yi masa shinge, ina ba shi ruwa kafin sauran. Ya yi ganye har gwiwa. Sai dai tsatsar da ke kansa ta ninka, in iska ta kaɗa kana ganin garin na tashi. Layukan iri da ke gefensa kuwa, duk abin da na tsinke yau gobe wani ya fito. Ta hau karan fure. Wasu sun fara sunkuyawa.

Gwaggo, ina tsoro. Ba na so a ce albasar da ta tsallake hanyar Gobir ta zo ta mutu a hannuna. In akwai inda na kuskure fahimtar maganarki, ki gaya mini da sauri. Wannan takardar na ba direban kamiyon, babbar motar kayan da ke zuwa Mango, ya yi alkawarin miƙa ta gaba.

Ɗanki, Alassani.

*

Dapaong, goman ƙarshe na azumi

Alassani, gaisuwa a taƙaice, lafiya muke.

Ban ce ka kula da fangalin sadaka ba. Cewa na yi ka tuge shi, ka ƙone ganyen.

Da Malam Kassimu ya kai inda ka ce ka zuba masa taki, na ce ya maimaita. Ya maimaita yana kallon tabarma. Na ce, Malam, me ka rubuta wa yaron nan? Ya fara jawo mini aya. Da ba azumi nake ba, da unguwa ta ji mu. Shekara nawa ina dafa wa mutumin nan tuwo, ashe in na yi magana tacewa yake yi. Yanzu na sa Issa mai goro ya zauna kusa da shi, duk layin da ya rubuta Issa ya karanta mini.

Ga maganar da ba ta iso ka ba. Tsatsa ba ta rayuwa a ƙasa, ba ta daɗewa a matacciyar ciyawa. Ɗanyen ganye take buƙata ta zauna a kai daga shekara zuwa shekara. A nan wurinmu rani na kashe komai, sai ta rasa masauki. Kai kuwa ka gina mata ɗaki, ka ciyar da ita damina guda, yanzu har da taki. Ganyen da taki ya yi wa yawa laushi gare shi, shi ta fi so. Duk gyaran da kake yi a layukan iri, daga wancan fangalin ake sake aiko musu.

Na san abin da zai tsaya maka a rai, don shi ya tsaya wa Malam. To ka ji daga bakin wadda ta gani. Lambun Baba a bakin hanyar fatake yake. Fangalin sadakarsa ba ya kwana bakwai, an cinye. Bai taɓa barinsa don ya tsaya ana kallo ba, don ciki ya bar shi. Albasar da ta shekara ba wanda ya ci, ladan me ta kawo wa Baba? Ni abin da ya ɗaure mini kai ma shi ne yadda mutane za su wuce albasa kyauta ba su cira ba. Ba kunya ba ce wannan. Ka tambayi maƙwabtanka.

Ka zaɓi lokacin da iska ta kwanta kuma ganye ya bushe. Ka tuge a hankali, kada ka kaɗa. Ka yanke lawashin cikin rami nesa da lambu, ka sa wuta, ka rufe. Kawunan ba abin da ya same su, ka raba wa mutane su ci. Ka wanke jikinka, ka canja riga kafin ka koma wurin iri. Kada ka jira sallah.

Shetu.

Daga mai rubutu, Kassimu: Alassani, abin da ta faɗa haka ne. Ana jibi azumi aka ce in rubuta a ƙone sadakar mamaci, hannuna ya ƙi. Na zaci zafin baki ne irin nata, na sassauta. Ban san lambu ba, da na tambaya. Ka yi abin da ta ce.

*

Sokode, watan Zulƙida

Zuwa ga Gwaggo Shetu, da Malam Kassimu.

Barkanmu da sallah, ko da ta wuce. Muna lafiya. Na yi shiru ne don ban so in rubuta sai da abin da zan sa a hannun manzo.

Ranar da takardarki ta iso, ba zan ɓoye miki ba, na je na tsaya a kan fangalin na kasa sunkuyawa. Babana nake gani. Azara ce ta ce, "Maigida, wadda aka haifa a lambun ta ce ka tuge, kai da ka ji labari kake gardama?" Ta ɗaura zane ta riga ni sa hannu. Muka tuge, muka ƙone, muka rufe ramin.

Na kuma yi tambayar da kika ce. Akwai wani dattijo Bakotokoli, ɗan asalin ƙasar nan, mai gonar doya kusa da ni. Na ce, Baba, me ya sa ba wanda ke cirar albasar nan? Ya dube ni, ya dubi sandar. Ya ce, "Wa zai taɓa? Ka kafa sanda ka ɗaura ƙyalle. A nan wanda ya yi haka magani ya sa wa gonarsa, mai cira hannunsa ya kumbura. Mu har hanya muka canja." Ya ce matansa sun daɗe suna mamakin yadda mahauci mai fara'a yake da mugun asiri. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma abin ya ba ni haushi. Shekara guda ina kiran mutane da hannun da ke korarsu.

Shi na fara kai wa kawunan. Sauran Azara ta zuba a faranti, aka bi gidajen zango da na Kotokoli ana jajibirin sallah. Ba gidan da bai soya albasar Kaka ba. Wata tsohuwa ta aiko tambaya ko akwai irinta.

Layukan da ke jikin tsohon fangalin ban same su ba, karansu ya karye. Na tsakiya sun yi rabi. Amma bayan an tuge, sabon ɗigo ya ragu ƙwarai, da zafi ya shigo kuma sai ya tsaya cak, yadda kika faɗa. Tsoffin ɗigon suka yi baƙi suka daina ba da gari. Na ƙarshen lambu sun yi fure fari, ƙudan zuma ya sha, suka nuna. Na yanke kawunan furen na shanya a inuwa, Azara ta murza ta sheƙe.

Bai kai abin da na so ba, Gwaggo. Na zuba a ruwa, wanda ya taso na zubar, wanda ya nutse na sake shanyawa. Ƙahon sa na samo a mayanka, na wanke na toshe da tsumma, irin ya kusa cika shi. Ga shi nan a hannun Mahamadu mai shanu, na ce ya sa a cikin riga kada ya sa a kaya. Ban rage ko tsunkule ba, don naki ne.

Ban taɓa ganinki ba sai ina goye, amma babu wanda ya koya mini abu kamar yadda kika koya mini a takardu biyu. Ki sa mana albarka.

Ɗanki, Alassani.

*

Dapaong, bayan sallar layya

Zuwa ga ɗana Alassani, da 'yata Azara.

Lafiya lau muke, gwiwa ma ta ji ɗumin bazara ta saki. Mahamadu ya iso, ƙaho ya iso.

Wa ya ce ka aiko duka? Hankalin mahauta ke nan, in an ce yanka sai su kai har ƙashi. Abin da ya same mu bana ai don iri na yanki ɗaya ne. Na raba biyu, rabi zai dawo maka da Mahamadu. Ka ba tsohuwar nan da ta tambaya, ka ba dattijon doya in yana so. Fara ba ta cin gari biyu rana ɗaya.

Fangalin sadaka kuma kada ka daina. Ka bar shi kowace shekara, amma ka cire ƙyallen, ka bi gida-gida da bakinka ka ce a zo a cira. Abin da ya rage bayan mako ka tuge ka kai musu. Kafin damina kada ɗanyen ganyen albasa ko ɗaya ya rage a bakin rafin nan.

Lokacin yafi bai yi ba, amma ban iya jira ba. Na ɗebi tsunkule na zuba a fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, ina ba shi ruwa da hantsi. Ya fito, Alassani. Sirara kamar gashi, kowane da baƙar hularsa a ka. Shekaranjiya na tsinki ɗaya na tauna. Ita ce. Yajin nan da ke zuwa daga baya, ba wata albasa mai shi daga nan har Mango.

Ka gaya wa Azara na ji abin da ta yi, Allah ya ba ta masu yi mata. Kai kuma ka yi aikin da ubanka zai yi alfahari da shi. Iyakar maganata ke nan, Malam, rufe.

Shetu.

Daga mai rubutu, Kassimu: Issa ya tashi, don haka wannan ba wanda zai karanta mata. Ranar da ƙahon ya iso ba ta buɗe shi nan da nan ba. Ta riƙe shi a cinya tana shafawa, ta ce irin wannan ne Baba ya zo da shi, wa ya gaya wa yaron nan? Na ce ke kika faɗa, ni na rubuta. Sai ta juya mana baya ta yi kuka, matar da ko ranar rasuwar yayana ba a ga hawayenta a fili ba. Ta ce in na sa wannan a takarda ba ni ba tuwonta. Wancan karon na rage mata magana, ya jawo ɓarna. Wannan karon na ƙara, kuma na yarda in kwana da yunwa.